Kafin ku sauka Alƙahira kai da Hajiya, ga zancen kasuwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Naga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa bane saboda ba abu bane da zan amsa da layi biyu. Da farko barka, Allah ya sanya albarka a wannan gurbin karatu da ka samu, yasa a fara a sa'a a gama lafiya. Kace zaku taso farkon Oktoba kai da Hajiya, ita zata yi sati biyu taga likitan ido ta kuma haɗa wasu daga cikin kayan ɗakin yayarka, kai kuma ka zauna ka fara karatu, shine kake tambaya ina ake sayayya a garin nan, kuma wai da gaske ne Khan Khalili ce kasuwar da ake samun komai kamar yadda kake gani a TikTok.

Toh a'a, ba haka bane. Khan Khalili wajen zuwa ne kam, kuma zan kaiku da kaina in Allah ya yarda, amma wajen kallo ne da ɗan tsaraba, ba nan mutanen gari ke sayen kayan amfaninsu ba. Ka ɗauki Alƙahira kamar Kano. Mai neman atamfa Kwari yake zuwa, mai neman waya Farm Center, kayan masarufi Singa, hatsi Dawanau, in kuma baƙo yazo yana son jakar fata da kayan gargajiya sai a kaishi Kurmi. Nan ma haka take, kowane kaya da layinsa, kuma Khan Khalili itace Kurminsu. Duk wanda ya sayi bargo ko tukunya ko waya a wajen da ba layinsu ba ya biya kuɗin rashin sani, wannan shine abinda nakeso ka riƙe cikin duk dogon bayanin nan.

Kuma ku biyun sayayyarku ba ɗaya bace. Hajiya baƙuwa ce mai sati biyu, kai mazauni ne mai shekaru a gaba, don haka kuɗinka daban nata daban tun daga gida, kada a haɗasu a jaka ɗaya, wallahi na sha ganin yaro yazo da kuɗin zamansa na wata shida an cinye rabi a kayan biki da saƙon 'yan uwa, mahaifiya ta koma, shi kuma ga kuɗin haya ga kuɗin iƙama wato takardar izinin zama ga rijistar makaranta yana ta kiran gida ana cewa ai an baka.

Bari in fara da kai. Satin farko da na biyu kada ka sayi komai sai layin waya da abinci da sabulu. Ka jira kaga ɗakin da zaka zauna, mafi yawan gidajen da ɗalibai ke haya a Madinat Nasr, wajen Hayyul Ashir da Hayyus Sabi, akwai gado da firji da kukar girki a ciki, kuma kowace shekara akwai masu gama karatu suna komawa gida suna saida katifa da fanka da tebur da tukwane a kuɗi kaɗan, wani ma kyauta zai bar maka. Ka shiga guruf ɗin ɗaliban Najeriya na WhatsApp kawai ka zuba ido.

Abinda dole ka saya da kuɗinka shine kayan sanyi, kuma dan Allah kada ka raina wannan maganar. Mu muna ganin mun san hunturu, amma sanyin nan daban ne, daga Disamba zuwa Fabrairu da dare yana sauka wajen digiri 9 ko 10, wani lokacin ƙasa da haka, gidajen kuma na siminti da tayil ne babu abin ɗumama ɗaki, sai kaji cikin ɗaki yafi waje sanyi, alwalar asuba kuwa sai wanda ya gani. Kada ka cika akwatinka da rigunan sanyi daga gida. Kazo nan kaje Wikalatul Balah a unguwar Bulaƙ, kusa da titin 26 ga Yuli ta bakin kogin Nilu, in ka hau metro ka sauka tashar Nasser ko Maspero ka taka kaɗan. Itace babbar kasuwar gwanjo ta garin, su suna cewa bala, wato dila kenan, jaket mai kauri da suwaita da wandon jins da takalmi duk a rataye layi layi, mafi yawa an rubuta farashi a saman kowane layi, ga kuma shagunan yadi da labule da barguna a ciki. Kaje a Oktoba ko farkon Nuwamba kafin kowa ya tuna da sanyi, ka ɗaga riga sama ka duba hammata da zif da aljihu a cikin haske, ka gwada a jikinka anan take domin ba'a dawo da kayan gwanjo. Bargo kuma ka sayi sabo mai nauyi guda ɗaya, zai kaika har ka gama digiri. In kafi son sabbin kaya masu tsayayyen farashi ba ciniki, akwai shagunan Tauhid wan Nur kusan kowace unguwa, daga singileti har zanin gado, sannan sau biyu a shekara ana yin ragi na gari gaba ɗaya da suke kira okazyon, ɗaya wajen Fabrairu ɗaya wajen Agusta, masu dabara a na Fabrairu suke sayen rigar sanyin baɗi.

Abinci ba sai ka wahala ba. Shinkafa, taliya, mai, sukari, ƙwai, ka shiga ƙananan kantuna irinsu Kazyon da BIM da ke cikin unguwa, in sayayyar wata ce ku haɗa kuɗi da abokan ɗaki kuje Carrefour. Kayan miya kuma a kasuwar unguwa, da kilo suke awo ba da kashi ko kwano ba, tumatir da albasa da dankali duk an kafa musu kwali da farashi. Anan ne zaka fara buƙatar lambobin Larabci, ka tuna biyar ɗinsu kamar sifili take, sifilin kuma ɗigo ne kawai, yaran da basu yi Islamiyya sosai ba suna rikicewa a nan.

Wani abu da ya faranta min rai shekarata ta farko, ranar da na shiga shagon mai kayan ƙamshi, wanda suke kira aɗɗar, naga rabin abinda ke buhunansa na sani tun ina yaro, sunan ne kawai ya canza. Zoɓo shine karkade, tsamiya tamar hindi, goruba dom suke ce mata kuma jiƙata suke suna sha musamman da azumi, aya habbul aziz, hulba hilba, barkono shaɗɗa, gyaɗa ma sudani suke kiranta. Lalo shine mulukiyyar nan da suke ji da ita, kuɓewa bamiya, busasshiyar kuɓewa dakakkiya kuma ka nemi shagon 'yan Sudan kace weka, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 shagunansu sun ƙaru sosai a Faisal da Ardul Liwa da Ain Shams. Abinda bazaka samu da sauƙi ba, in ma ka samu a wajen 'yan uwanmu masu kawowa da tsada, shine daddawa da kuka da yajin gida da manja da garin rogo. Waɗannan kazo dasu, a ɗaure da kyau cikin leda biyu uku, kilon da zaka ɓata a rigar sanyi ka bawa kuka.

Littattafai kuwa, nan ne nake jin tsoron kuɗinka fiye da ko'ina, domin na san halinka da littafi. Bayan masallacin Azhar akwai lungun da ake kira Darbul Atrak, maktaba wato shagon littattafai na jingine da maktaba, duk littattafan nan da muka taso muna gani a hannun malamai a zaure da yawansu daga wannan yanki aka bugo su, mutum in ya shiga sai yaji kamar ya kwashe duka. Kada ka kwasa. Littafi ɗaya zaka samu bugu huɗu ko biyar, wani cike da kurakurai, wani an yi masa tahƙiƙi wato an tantance rubutunsa da kyau, bambancin kuma ba'a ganinsa a bango, sai ka tambayi malaminka ko ɗaliban da suka rigaka wane bugu ake karantawa. Na hannu kuma akwai Surul Azbakiyya daf da tashar metro ta Ataba, rumfuna ne na tsofaffin littattafai, Larabci da Turanci da Faransanci, har na likitanci da injiniya ana dacewa. Manyan littattafai masu mujalladi goma ko ashirin ka jira baje kolin littattafai na Alƙahira, ana yinsa tun 1969, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, daga 2019 aka maidashi babban filin baje koli na Tajammu, kamfanonin bugu na ƙasashen Larabawa duk suna zuwa kuma ana ragi na gaske, ɗalibai tun daga Oktoba suke tara kuɗinsa. Biro da littafin rubutu da kalkuleta Fajjala ake zuwa kusa da Ramsis. In abokinka da kace zai karanta likitanci yazo, farar riga da abin auna bugun zuciya a titin Ƙasrul Aini ake samu.

Waya da laftof, titin Abdul Aziz da ya tashi daga dandalin Ataba shine Farm Center ɗinsu, kwamfuta kuma ginin Bustan a tsakiyar gari. Amma kada kaje kai kaɗai karon farko, akwai sabo akwai wanda aka buɗe aka gyara aka maida kwali, ka nemi fatura wato rasit, da takardar garanti da suke kira daman, ka buɗe kwalin a gaban mai shago. Sannan ga wata doka da ta fara daga Janairun 2025 wadda take kama mutane da yawa, wayar da aka shigo da ita daga waje in aka sa mata layin Misra tana aiki kwana 90 ne, bayan nan sai an biya mata haraji, wajen kashi 38 cikin ɗari na kuɗinta, ko a rufeta daga layukan ƙasar. Hajiya mai sati biyu babu ruwanta, kai ne abin ya shafa, don haka kada ka sayi sabuwar waya mai tsada a gida don zaka taho, kuma duk wayar da zaka saya a nan ka sa lambar IMEI ɗinta, wato lambar shaidar wayar, a manhajar Telephony kaga ko akwai bashin haraji a kanta kafin ka miƙa kuɗi.

Yanzu Hajiya. Sayayyarta kusan duka tana tsakanin Ataba da masallacin Husaini, tafiyar ƙafa ce ta kamar minti ashirin in babu cunkoso, sai dai kullum akwai cunkoso. Ataba tashar metro ce da layi na 2 da na 3 suka haɗu, kuna fitowa kun faɗa kasuwa. Daga nan titin Muski ya miƙe har Husaini, kuma duk lungun da ya ɓalle daga jikinsa da abinda ake saidawa a ciki. Hammamut Talat nan ne iyayen amare na Misra ke haɗa kayan kicin, tukwane, faranti, kofuna, kuloli, cokula, sari da ɗaiɗai. Darbul Barabira fitilun ado na falo da kayan rabon biki. Haratul Yahud sarƙoƙin ado da kayan kwalliya da kayan wasan yara a farashin sari. Titin Azhar yadi ne da labule, in kun tsallaka Guriyya kuma zanin gado da tawul da abaya da mayafai da kayan barci. Turare na mai da kwalabensa akwai titin Jami'ul Banat, nan masu shagunan turare da kansu ke sari.

Shawarar da zan bawa Hajiya, kuma ka karanta mata wannan wajen da girmamawa, ta sayi abinda Misra ke yi da kanta. Audugar ƙasar nan suna ne da ita a duniya, masaƙar Mahalla Kubra tun 1927 take aiki, don haka tawul da zanin gado da singileti da jallabiyar auduga in ta samu na gida ta saya bata yi asara ba, kafet da darduma ma suna yi masu kyau. Amma da yawan tarkacen da ke Muski daga Chana aka kawosu, irinsu ne a Kwari da Sabon Gari, babu amfanin ta saya nan ta biya kuɗin awo a jirgi ta kai Kano abinda ke jiranta a Kano. Ku juya kaya ku duba inda aka yi. Kuma abu mai nauyi ko mai fashewa, dinasaet da manyan tukwane, a yi lissafin kilo kafin a biya, ku duba tikitinku ku ga jaka nawa aka baku, in ya wuce akwai masu kago da ke turawa Kano, amma a tambayi waɗanda suka taɓa turawa ta hannunsu. Kayan wuta irin blanda suna aiki a gida tunda wutarmu ɗaya, bakin filogin ne kawai mai ƙafa biyu zagayayyu.

In tana son gwal, layin maƙeran zinare da ake kira Saga yana kan titin Mu'izz jikin Khan Khalili. Farashin giram na ranar a bayyane yake, kowa na iya dubawa a waya, mafi yawa 21 ne da 18, abinda ake ciniki a kai shine kuɗin ƙira, masna'iyya suke cewa. A auna a gabanta, ta duba hatimin hukuma a jikin gwal ɗin, a rubuta mata fatura da nauyi da lamba. Jallabiyoyin mata masu aiki kuma in akwai lokaci Kirdasa ake zuwa, can ɓangaren Giza, sai a haɗa da ranar zuwa kallon dalar Fir'auna.

Lokaci ma abin lura ne. Mutanen nan basa buɗe shago da sassafe, kafin sha ɗaya na safe rabin kasuwa a rufe take, ranar Lahadi shaguna da yawa a Muski da Ataba basa buɗewa, Juma'a sai bayan an sauko. Da Hajiya ku shiga wajen sha ɗaya ku fito kafin la'asar, domin da yamma turereniya ce ta gaske ga masu kura suna ta ihu a basu hanya, kuma ka san ƙafarta. Jaka a gaba, waya a aljihun gaba, fasfo ku bar na ainihi a masauki in ba asibiti ko banki zaku ba, ku riƙe kwafi. Zuwa ku hau metro, akwai taragon mata zalla a tsakiyar kowane jirgi amma gara ta zauna tare da kai kada ku rabu a tasha, dawowa da kaya kuma ku kira Uber ko inDrive, kuɗin a rubuce yake babu musu.

Ciniki ba sai na koyawa Hajiya ba, wadda ta saba da Kwari. Kalmomi ne kawai zaka riƙe mata. Bikam da, nawa ne wannan. Gali awi, yayi tsada sosai. Akhir kalam, gaskiyarsa nawa. Fakka, canji. Kuɗinsu fam ne amma gine zaka ji suna cewa, domin jimun ɗinsu ga suke furtawa. A Khan Khalili in an faɗi kuɗi ka taya ƙasa da rabi ka fara tafiya, zai kiraka, a Muski da Guriyya kuwa ragin ba ya kai haka tunda farashin mutanen gari ne, sai dai in kun ɗauki dozin ku nemi farashin gumla wato sari. Larabcin littafi da ka koya zasu gane, amma daga ka buɗe baki sun san sabon zuwa ne, ba laifi bane, wata uku zaka kama nasu. In mai shago yace maka khalli, wato barshi kawai, ladabi ne irin nasu, ka gode ka biya. In an baku shayi ku sha, shan shayi baya wajabta saye.

Akwai maganar da nakeso ka shirya mata zuciyarka, ka kuma faɗawa Hajiya tun a gida. A hanya ko a kasuwa wani yaro ko matashi zai iya kiranka samara ko shokolata saboda launin fatarka. Yana da ciwo, shekaru na nan kuma har yau in naji raina yana ɓaci. Kada ka tsaya faɗa a tsakiyar kasuwa, ka wuce. Kuma kada hakan yasa ka ɗauka duk haka suke, mai kayan miyan layinmu ya sha bani bashi lokacin da kuɗi suka makale daga gida, bai taɓa rubutawa ba, randa na kwanta rashin lafiya ɗansa ya aiko da lemo har ƙofa.

Sai zancen 'yan rakiya, wanda shine yafi damuna a duk wannan saƙon. A bakin Husaini mutum zai tareku da fara'a yace Nijeriya, ahlan, yana da ɗan uwa mai masana'antar turare ko takardar bardi, wato takardarsu ta gargajiya da ake zane a kai, ku ce shukran ku wuce, duk inda ya kaiku la'adarsa na cikin kuɗin da zaku biya. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shine namu. Akwai ɗalibai da tsofaffin ɗalibai 'yan gida da suke rayuwa da rakiyar baƙi asibiti da kasuwa, kuma ni bana zarginsu da neman abinci, zaman nan da wuya, mutum ya bar darasinsa ya yini yana yi maka tafinta ya cancanci a biyashi. Inda abin ya ɓaci shine a ɓoye. Shekarun baya wata baiwar Allah daga garinmu tazo haɗa kayan 'yarta, wani yaro ya riƙa kaita shago ɗaya kullum yana cewa nan ne mai amana, tana ta sa masa albarka, ana gobe zata tafi na rakata ta ƙaro zanin gado biyu a wani lungu, irinsu sak, kuɗin bai kai kashi biyu cikin uku na abinda ta biya ba. Matar nan bata ce komai ba, ta zauna akan kujerar mai shago tayi shiru, daga baya take gaya min adashi ta ɗauka ta kuma saida tumakinta. Har yau in na tuna fuskarta bana jin daɗi. Don haka duk wanda zai rakaku ranar da bana nan, ku yanka masa kuɗin yininsa a fili tun kafin a fita, sannan kowane kaya a tambaya shago uku, shagon da ku kuka zaɓa.

Kuma wannan abin ba yau ya fara ba. A 1324 da Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alƙahira kan hanyarsa ta hajji, mutanensa sun zubar da zinare a kasuwannin garin nan har darajarsa ta faɗi na shekaru, kuma marubutan tarihin wancan zamani sun rubuta cewa 'yan kasuwar da bakinsu suke bada labarin yadda suke saida musu rigar da bata kai dinari ɗaya ba akan dinari biyar. Duk sanda na ratsa titin Mu'izz da baƙo daga gida sai labarin nan ya faɗo min.

Khan Khalilin kanta ku ware mata yamma guda, ba don saye ba. An kafata ne a shekarun 1380 zamanin Sarki Barƙuƙ, sunan wani hakiminsa Jarkas Khalili ta ɗauka, Sarki Guri ya sake gina ta a 1511, ƙofofin dutsen nan da zaka gani nasa ne. Ku yi la'asar a Azhar, masallacin da aka fara ginawa a 970, ku tsallaka Husaini, ku bi Mu'izz a hankali har Babu Zuwaila, bayanta akwai Khayamiyya inda masu ɗinkin hannu ke yin kayan ado na bango da matasan kujera, aiki ne na gaske kuma baya da nauyi a akwati, in Hajiya na son abinda za'a gani a falon amarya a san daga Misra yazo to wannan ne. Carbi da ɗan faranti na tagulla da kwalbar turare na tsarabar maƙwabta a saya a Khan ɗin, ba komai.

Manyan mol kuwa suna nan, City Stars a Madinat Nasr kusa da inda zaka zauna, Cairo Festival City inda IKEA take, Mall of Egypt can 6 Oktoba. Wajen shan iska ne da sanyin AC, kuma Hajiya zata ji daɗin zuwa sau ɗaya, amma kayan kamfanonin waje a nan sunyi tsada tun da aka saki fam a Maris 2024 dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Amfaninsu shine in ka sayi sabon abu da fatura doka ta baka kwana 14 ka maida ko ka canza in baka taɓa shi ba, ka adana rasit.

Kuɗi ku taho da dala sababbi marasa yagewa ko rubutu, naira bata canzuwa a nan, katin banki na gida kuma kada ku dogara dashi shi kaɗai. Ku canza a banki ko shagon canji mai lasisi, kaɗan kaɗan gwargwadon buƙatar kwana biyu uku, canjin bayan fage laifi ne a dokarsu kuma ana kama mutane, kada wani yace zai ƙara muku wani abu ku bishi lungu. In abinda ke hannun mutum ya haura dala 10,000 sai ya bayyana a filin jirgi. Rasit ɗin canji na banki kai ka riƙa ajiyewa, yana amfani wajen biyan kuɗin iƙama a ofishin fasfo na Abbasiyya.

Ka ce wa Hajiya ta rubuta jerin kayan da take so tun yanzu, da adadi da launi da girman gadon amarya, ka turo min hotonsa in zagaya Guriyya da Hammamut Talat ranar Asabar in jiyo farashi, don ta san abinda zata riƙo. Ranar likita kuma a sa ta a farkon zuwa, in za'a yi mata aiki a idon ba zata iya shiga ƙurar Muski bayansa ba, sai mu gama kasuwa kafin ranar aikin. Ka turo min ranar tashi da lambar jirgi da zarar an yanki tikiti, zan zo filin jirgi in ɗaukeku. Ka gaida min Hajiya da Baba da kyau, kace ina neman addu'a, in akwai sauran wuri a jakarka a sako min daddawa da kuka ko mudu ɗaya ne.